WA YA RIGA WA? Takaddamar Haƙƙin Ƙirƙira A Kan Sabuwar Dabarar Matse Hotuna

Duk hoton da ya bi ta wayar hannu ko ta intanet, tun daga hoton fasfo da ma'aikaci ke aikawa hedkwata har zuwa hoton takardar shaidar gama makaranta da ɗalibi ke ɗorawa a kan fom ɗin neman aiki, sai an matse shi kafin ya tashi. Mai waya ba ya ganin lokacin da ake yin wannan aiki, ba a kuma neman izininsa. Amma dabarar da ake yin aikin da ita dukiya ce mai tsada, wadda manyan kamfanonin duniya suka shekara fiye da talatin suna jan juna zuwa kotu a kanta.

Yanzu kuwa an shiga wani sabon zagaye. An koya wa kwamfuta ta riƙa gano hanyar matse hoto da kanta, kamfanoni kuma suna ta rige-rigen kai takardunsu ofisoshin rajistar ƙirƙira, kowa yana cewa shi ya ƙago. Tambayar da ke gaban jami'an waɗannan ofisoshi da alƙalai guda ɗaya ce: a cikin abin da aka kawo, mene ne sabo?

YADDA AKE MATSE HOTO

A cikin kwamfuta, hoto tarin ƙananan ɗigogi ne da aka jera layi layi. Kowane ɗigo ana rubuta shi da lambobi uku, ɗaya ta nuna yawan ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi. Wayar da ke ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 12 za ta bukaci wuri na kimanin megabait 36 domin ajiye hoto ɗaya tak, in da za a ajiye shi yadda ya fito. Da haka ake yi, da hotuna kaɗan sun cika waya, kuɗin data kuma ya gagari talaka. Saboda haka ake matse hoton ya koma megabait uku ko huɗu, ba tare da ido ya lura da wani bambanci ba.

Tsarin da ya fi kowanne bazuwa shi ne wanda ake kira JPEG, wanda wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya fitar a shekarar 1992. A wannan tsari ana yanka hoto gida gida, kowane gida ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance. Sa'an nan a bi kowane gida da wani lissafi wanda masani Nasir Ahmed ya fara kawo shawararsa a 1972, ya kuma buga shi tare da abokan aikinsa biyu a 1974. Wannan lissafi yana ware manyan siffofin hoto daga ƙananan zane-zanen da ido bai cika kula da su ba, sai a zubar da mafi yawan ƙananan. Abin da ya rage kuma a taƙaita rubutunsa ta hanyar da David Huffman ya ƙago a 1952, watau a ba abin da ya fi yawan maimaituwa gajeriyar alama, wanda ba ya yawan fitowa kuma doguwa. Kowane mataki a cikin waɗannan, injiniyoyi ne suka zauna suka tsara shi da hannunsu.

Sabuwar hanyar tana dogara ne ga abin da masana ke kira ragar jijiyoyi, watau wata manhaja da aka gina bisa kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗe da juna, kuma ita ce ƙashin bayan abin da aka fi sani da ƙirƙirarriyar basira. Ana haɗa raga biyu. Ta farko ta karɓi hoto ta mai da shi 'yan lambobi kaɗan, ta biyu ta karɓi lambobin ta yi ƙoƙarin sake gina hoton. Sai a riƙa ba su hotuna dubu bisa dubu, duk lokacin da hoton da ya fito ya saɓa da na asali, ko kuwa lambobin suka yi yawa, a ɗan gyara ma'aunan da ke cikin ragar. Bayan an maimaita haka sau miliyoyi, ragar kan gano da kanta abin da ya kamata a riƙe da wanda za a iya zubarwa. Gwaje-gwajen masana sun nuna cewa mafi kyawun irin waɗannan raga suna ba da hoto mai kyau daidai da na JPEG a wuri ƙarami ƙwarai, ko da yake suna cin ƙarfin kwamfuta da batir fiye da tsohuwar hanya.

MECE CE TAKARDAR HAƘƘIN ƘIRƘIRA?

Takardar haƙƙin ƙirƙira wani ciniki ne tsakanin gwamnati da wanda ya ƙago wani abu. Shi mai ƙirƙira zai bayyana asirin abinsa dalla dalla a rubuce, yadda duk wani ƙwararre a fannin zai iya karantawa ya yi irinsa. Gwamnati kuma ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardar nema. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa da kowa. Wannan al'ada ta daɗe, domin birnin Venice na ƙasar Italiya ya kafa dokarsa tun 1474, Ingila kuma ta yi tata a 1624.

Dokokin ƙasashe sun kusan yin ittifaƙi a kan sharuɗɗa uku. Na farko, abin ya zama sabo. Na biyu, ya zama akwai hikimar ƙirƙira a cikinsa, watau ba abin da kowane ƙwararre zai hango da sauƙi ba. Na uku, ya zama masana'antu za su iya aiki da shi.

Sharaɗin sabuntaka shi ne mai tsananin gaske. Ana auna abin da aka kawo da dukan abin da ya riga ya fito fili kafin ranar shigar da takarda, a kowace ƙasa, da kowane harshe, ko a rubuce ne ko da baki ko kuwa ta hanyar amfani da shi a gaban jama'a. Ba a duba ko mai nema ya san da shi ko bai sani ba. Alal misali, a 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta tabbatar da ƙin ba wani mutum takarda, saboda an sami kundin digirin dakta guda ɗaya a laburaren Jami'ar Freiburg ta Jamus wanda ya riga ya bayyana abin. Kotun ta ce tun da an yi wa kundin rajista an ajiye shi inda mai nema zai same shi, ya wadatar.

Haka nan a Ingila, a tsakiyar shekarun 1980, wani kamfani mai riƙe da takardar haƙƙin ƙera allon da ake kafa wa filafili ana sulu da shi a kan ruwa ya sha kaye a kotu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an tabbatar cewa wani yaro mai shekara 12, Peter Chilvers, ya taɓa harhaɗa irinsa yana wasa da shi a bakin teku a 1958. Yaron bai rubuta kome ba, bai kuma nemi takarda ba, amma jama'a sun gan shi. A shari'ar ƙirƙira, kowa ya riga ka barci ya riga ka tashi.

WAIWAYE ADON TAFIYA

Abin da ya sa masana ke sa ido a kan wannan batu shi ne an taɓa shan wuya a kansa. A 1984 Terry Welch ya buga wata dabarar matse bayanai a wata mujallar masana, mutane da yawa suka ɗauka kyauta ce. Kamfanin CompuServe ya yi amfani da ita a 1987 wajen fitar da tsarin hoto na GIF, wanda ya bazu ko'ina. Ashe kamfanin da Welch ya yi wa aiki, wanda daga baya ya zama Unisys, ya riga ya karɓi takardar haƙƙi a kanta tun 1985. Sai a ƙarshen 1994, bayan duniya ta saba da GIF, aka sanar cewa masu rubuta manhaja za su fara biyan kuɗin lasin. Fushin da wannan ya jawo ne ya sa wasu masu aikin sa kai suka tsara PNG, wanda aka kammala a 1996 ba tare da kuɗin lasin a kansa ba. Takardar Unisys ba ta mutu a Amurka ba sai 2003, a Turai da Japan kuwa sai 2004.

Shi kansa JPEG bai tsira ba. A 2002 wani kamfani a Amurka mai suna Forgent Networks ya fito da wata takarda ta 1987 wadda ya gada daga wani kamfani da ya saya, ya ce duk mai amfani da JPEG yana taka haƙƙinsa. Masu ƙera kyamara da kwamfuta da yawa suka ga biya ya fi musu sauƙi a kan doguwar shari'a, har Forgent ya tara fiye da dala miliyan 100. A 2005 wata ƙungiya mai kare muradun jama'a, Public Patent Foundation, ta roƙi ofishin rajistar Amurka ya sake duba takardar, ta kuma gabatar da wata takarda da ta riga ta. A watan Mayu na 2006 ofishin ya yi watsi da manyan da'awowin Forgent saboda ba sababbi ba ne. Amma kuɗin da aka biya ya riga ya tafi, kuma daga ƙarshe a kan farashin kayan da jama'a suka saya ya faɗa.

Akwai kuma wata hasara wadda ba a gani da ido. Kwamitin JPEG ya sa wata hanyar taƙaita lambobi a cikin tsarinsa wadda ta fi ta Huffman matsewa, amma da yake kamfanonin IBM da AT&T da Mitsubishi suna riƙe da takardu a kanta, masu manhaja suka guje ta. Har takardun suka mutu ba ta sami shiga ba, duniya ta ci gaba da ajiye hotuna masu nauyi fiye da yadda ya kamata.

TSOHUWAR DABARA A SABUWAR RIGA

In aka zo ga ragar jijiyoyi, abu na farko da mai neman takarda zai ci karo da shi shi ne cewa tushen dabarar ya tsufa. Tun 1987 wasu masana uku, Garrison Cottrell da Paul Munro da David Zipser, suka bayyana a wani rahoto na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego yadda suka koya wa wata ƙaramar raga matse hoto: hoto ya shiga ta ƙofa mai faɗi, ya bi ta ƙuntataccen tsakiya, ya sake fitowa. Kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfi, sakamakon kuma bai kai abin a zo a gani ba. Amma dokar sabuntaka ba ta tambaya ko tsohon abin ya yi kyau, abin da take tambaya shi ne ko ya fito fili. Saboda haka babu wanda zai iya cewa a yau shi ya ƙago matse hoto da ragar jijiyoyi.

Ci gaban da ya mai da dabarar abin amfani, shi ma a bainar jama'a aka yi shi. A 2015 George Toderici da abokan aikinsa a kamfanin Google suka buga wata hanya mai ba da dama a zaɓi yawan matsin da ake so. A 2016 Johannes Ballé da Valero Laparra da Eero Simoncelli suka warware wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Matsalar ita ce, kafin a aika lambobi dole a datse su su zama cikakku, ba ɓurɓushi, amma wannan datsewa tana toshe hanyar da raga ke bi ta koyi gyara kuskurenta. Sai suka ba da shawarar cewa a lokacin horo a bar datsewar, a zuba wa lambobin ɗan hargitsi mai kama da ita, in an gama horo a koma ga datsewa ta ainihi. A 2018 kuma Ballé da wasu abokan aiki a Google suka ƙara wata ƙaramar raga wadda ke aika ɗan bayani a gefe, mai gaya wa mai karɓa inda hoton ke da cunkoso da inda yake a shimfiɗe, abin da ya rage nauyin saƙon sosai. Duk waɗannan ayyuka an sa su a rumbun takardun masana na intanet mai suna arXiv, inda kowace takarda ke ɗauke da ranar da aka shigar da ita, kowa kuma yana iya karantawa kyauta.

Ma'anar wannan ita ce, duk wanda bai shigar da takardar nema ba kafin waɗannan ranaku, ba shi da ikon da'awar waɗannan ginshiƙai. Abin da ya rage wa sauran masu nema shi ne ƙananan gyare-gyare: wani sabon jerin ɗakunan raga, wata hanyar hasashen lamba ta gaba daga maƙwabtanta, ko wata dabarar sa ragar ta yi aiki a kan ƙaramar waya. Wasu daga cikinsu suna da muhimmanci na gaske. Misali, in lissafin wayar da ta matse hoto ya bambanta da na wayar da za ta buɗe shi ko da ƙanƙanin ɓurɓushi ne, hoton duka na iya wargajewa, saboda haka dabarar da ke sa na'urori dabam dabam su fitar da amsa iri ɗaya ƙirƙira ce mai daraja. Wasu kuwa sauya suna ne kawai aka yi wa tsohon abu.

INDA GIZO KE SAƘA

Rarrabe waɗannan biyu shi ne aikin jami'in tantancewa, kuma aiki ne mai wuya saboda dalilai da dama. Na farko, a bisa ƙa'ida, kafin a ce abu ba sabo ba ne sai an sami tsohon abu guda ɗaya wanda ya ƙunshi dukan sassan da'awar. Lauya mai wayo kan ƙara wani ɗan sashe domin ya kauce wa wannan. Daga nan sai gardama ta koma kan sharaɗi na biyu, watau ko ƙarin da aka yi abu ne da kowane ƙwararre zai hango, wanda kuwa magana ce ta ra'ayi da hujja.

Na biyu, lissafi ɗaya yana iya ɗaukar suna uku: injiniyan sadarwa ya kira shi da wani suna, masanin ƙididdiga da wani, mai ragar jijiyoyi kuma da wani. Jami'in da ya nemi kalma ɗaya a rumbu zai iya wuce tsohuwar takardar da ta bayyana abin da wata kalma. Na uku, ana ɓoye takardar nema har wata 18 kafin a buga ta. A fannin da sababbin rubuce-rubuce ke fitowa kowane mako, masu bincike biyu na iya cimma abu ɗaya, ɗaya ya buga kyauta, ɗaya kuma ya riga shi zuwa ofis da 'yan kwanaki ba tare da kowa ya sani ba.

Kotuna da ofisoshi sun fara shata iyaka. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, mai hedkwata a Munich, ya bayyana a ƙa'idojinsa na 2018 cewa ragar jijiyoyi ita kaɗai lissafi ce, lissafi kuwa ba a ba da takarda a kansa, sai in an ɗaura shi ga wani aiki na fasaha. Matse hoto yana cikin ayyukan da ofishin ke lissafawa a matsayin na fasaha, saboda haka ƙofa a buɗe take. Amma a 2020 kwamitin ɗaukaka ƙara na ofishin ya ƙi wata takarda mai amfani da ragar jijiyoyi wajen auna bugun jini, domin mai nema bai bayyana irin bayanan da za a horar da ragar da su ba. Wannan hukunci ya shafi masu matse hoto kai tsaye, tun da rabin asirin kowace raga yana cikin hotunan da aka horar da ita da su. A Amurka kuwa, a watan Afrilu na 2025, kotun ɗaukaka ƙara mai kula da shari'un ƙirƙira ta yanke hukunci a ƙarar da kamfanin Recentive Analytics ya shigar da kamfanin Fox, cewa ɗaukar sananniyar hanyar koyar da kwamfuta a ɗora ta kan wani sabon fanni, ba tare da an inganta ita kanta hanyar ba, bai cancanci takarda ba.

KURA DA SHAN BUGU

Labarin wani malamin jami'a a ƙasar Poland ya nuna cewa ko sakin abu kyauta bai rufe ƙofar rigima ba. Jaroslaw Duda na Jami'ar Jagiellonian da ke birnin Krakow ya ƙago wata hanyar taƙaita lambobi mai suna ANS, wadda ta haɗa sauri da ƙarfin matsewa. Da gangan ya ƙi neman takarda, ya buga aikinsa domin kowa ya amfana. Kamfanin Facebook ya sa ta a manhajarsa ta Zstandard, Apple ya sa ta a tasa, masu matse hoto da ragar jijiyoyi da yawa kuma ita suke amfani da ita a matakin ƙarshe na aikinsu.

Daga baya Google ya nemi takarda a kan amfani da ANS wajen matse bidiyo. Duda ya fito ya yi ƙorafi, ya nuna rubuce-rubucensa da suka gabata, a 2018 ofishin rajistar Amurka ya ƙi amincewa da da'awar, Google kuma ya janye. Amma a watan Janairu na 2022 ofishin ya ba kamfanin Microsoft takarda a kan wasu gyare-gyare ga wani reshe na ANS. Asalin dabarar ya ci gaba da zama na kowa, sai dai duk mai son gina wani abu a kanta yanzu dole ya duba kada ya faɗa cikin shingen da aka kafa a gefenta. Wasu masana sun ga abin tamkar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Batun ya ƙara zafi saboda a 2025 kwamitin JPEG ya fitar da JPEG AI, tsari na farko na ƙasa da ƙasa na matse hoto da ragar jijiyoyi. Ƙa'idar hukumomin da ke fitar da irin waɗannan tsare-tsare ita ce duk kamfanin da ke da takarda a kan wani sashe ya bayyana, ya kuma yi alkawarin ba da lasin bisa sharuɗɗa masu adalci ba tare da nuna bambanci ba. Amma hukumomin ba sa tantance ingancin takardun, ba sa kuma yanka farashi. An ga inda wannan ya kai a tsarin bidiyo na HEVC na 2013, inda masu takardu suka rabu ƙungiya ƙungiya, kowace tana neman nata kuɗin, har manyan kamfanoni irin su Google da Amazon da Netflix da Microsoft suka haɗa kai a 2015 suka tsara nasu mai suna AV1, wanda suka fitar a 2018 ba tare da neman kuɗin lasin ba. Ko JPEG AI zai sami karɓuwa, ya dogara ga ingancinsa da kuma yawan masu miƙo hannu a bakin ƙofarsa.

ME YA SHAFI NIJERIYA?

Takardar haƙƙi ba ta aiki sai a ƙasar da ta ba da ita. Takardar Amurka ba ta ɗaure kowa a Kano ko Zariya. Amma wayoyi da kwamfutocin da ake shigowa da su an riga an lissafa kuɗin lasin a cikin farashinsu, kuma tun da Nijeriya ta shiga yarjejeniyar haɗin kan rajistar ƙirƙira ta duniya a 2005, ya zama da sauƙi kamfanin waje ya faɗaɗa takardarsa zuwa nan.

Dokar da ke aiki a Nijeriya ita ce Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane ta 1970. Ta ɗauki sharuɗɗan nan uku, ta ce ana auna sabuntaka da duk abin da ya fito fili a ko'ina kuma a kowane lokaci, ta kuma ce ƙa'idoji da binciken kimiyya zalla ba ƙirƙira ba ne. Sai dai dokar ta umurci mai rajista ya duba cikar takardu da biyan kuɗi kaɗai, ba ya binciken ko abin sabo ne. Ana ba da takarda ne bisa kasadar mai ita, gwamnati ba ta lamunci ingancinta ba, duk wanda ke ganin ba ta cancanta ba sai ya je Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta. Afirka ta Kudu mai irin wannan tsari ta nuna abin da zai iya faruwa: a 2021 ofishinta ya ba da takarda wadda aka rubuta wata manhaja mai suna DABUS a matsayin mai ƙirƙira, alhali Amurka da ofishin Turai sun ƙi, Kotun Ƙolin Birtaniya ita ma ta ƙi a 2023. A Jamhuriyar Nijar da Kamaru da Chadi kuwa, rajista tana bi ne ta ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, inda takarda ɗaya ke aiki a ƙasashe 17.

Ga ɗalibai da malaman jami'a masu bincike a wannan fanni, darasin a bayyane yake. Wanda ya gabatar da aikinsa a taron ƙara wa juna sani, ko ya ɗora shi a intanet, ko aka ajiye kundinsa a laburare kafin ya shigar da takardar nema, shi da kansa ya kashe sabuntakar abinsa. Amurka tana ba mai ƙirƙira rangwamen shekara ɗaya bayan ya bayyana aikinsa, amma Turai ba ta ba da irin wannan, dokar Nijeriya kuma rangwamen wata shida kaɗai ta yi ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardu, kuma a tuntuɓe ta tun kafin a buga aiki ya fi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuwa ba ya son takarda, yana son aikinsa ya zama na kowa, to, ya buga shi dalla dalla a wurin da ke nuna kwanan wata, domin wannan ce hujjar da za ta hana wani ya mallake shi daga baya.

Ga jami'an gwamnati masu sayen na'urori da masu kula da taskar takardu kuma, ya kamata kafin a mai da fayilolin ma'aikata ko takardun filaye zuwa wani sabon tsarin hoto, a tambayi ɗan kwangila wa ke da haƙƙin tsarin, nawa ne kuɗin lasinsa, kuma da wace manhaja za a buɗe fayilolin in kamfanin ya rushe. Hoton da aka matse da ragar jijiyoyi ba ya buɗuwa sai da ragar da ta dace da shi. Takardar haƙƙi tana mutuwa bayan shekara 20, amma fayil ɗin ma'aikaci yakan bi shi daga ranar ɗaukar aiki har bayan ritaya, takardar fili kuwa jikoki ne za su zo nemanta.